Feshin da Ya Gangaro Kwarin Nahuce

Anas Mamman,
Nahuce, Ƙaramar Hukumar Bungudu.
23 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Shirin Hasashen Iskar Dare don Manoma,
Gusau.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAƘON FESHI NA RANAR 17 GA YUNI DA ƁARNAR DA YA JAWO

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar Talata 17 ga Yuni, kwana biyu bayan ruwa, gari ya yi garau, ko ganye ba ya motsi. Da la'asar saƙonku ya shigo wayoyinmu, cewa kwamfuta ta lissafa iskar daren za ta gauraya ta watsa feshi sama, don haka a fesa maganin ciyawa kafin magariba.

2. Mahaifina, Malam Mamman, ya dubi hayaƙin girki, ya ga ya kwanta yana rarrafe zuwa kwari. Ya ce tun zamanin kakanni, in hayaƙi ya kwanta ba a sakin komai a iska. Ni ne na musa masa a gaban jama'a. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, na yi acaɓa a Gusau, na yi dako a Tsafe, kuma ni na sa manoman tudu goma sha ɗaya cikin shirinku. Maganata suka bi, suka fesa.

3. Cikin dare maganin ya gangaro yadda hayaƙin ya yi, ya kwana a lambunmu da ke cikin kwarin. Zuwa Alhamis ganye ya nannaɗe.

4. Jami'inku, Injiniya Nathaniel, ya zo, kuma bai ɓoye mana ba. Ya ce ƙarfenku na auna iska a kan tudu yake, kuma lissafin kwamfuta yakan kasa idan dare ya yi tsit. Ranka ya daɗe, ba a rubuta wannan a saƙon ba. Jiya ma irinsa ya sake shigowa.

Ina roƙon a dakatar da saƙon, a kafa ƙarfen a cikin kwari, a kuma turo wanda zai faɗa wa mutanen Nahuce gaskiya da bakinsa, domin ni yanzu ba a saurarona.

Abin da muka rasa: kunya arba'in na tumatir, ashirin da biyu na attaruhu, da dukan irin dashen bana. Mahaifina bai ce mini uffan ba, yau kwana huɗu.

Ina jiran umarninku cikin ladabi da biyayya.

Naku,
Anas Mamman