An Gyara Ɗakin Dada

Samanabad, Lahore

Zuwa ga Gwaggona Nuzhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Ilyas da yara, Allah ya sawwaƙa muku sanyin Glasgow. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali sau ɗaya kika taɓa ganina, ina goye. Ni ce Mahrukh, 'yar ƙanenki Javed, ina ajin ƙarshe a sakandare. Na san kin daina ɗaukar wayar gidan nan tun da aka sayar da shagon hoton kakana Dada ba tare da shawararki ba, shi ya sa na zaɓi takarda. Gida lafiya, sai gwiwar kakata Dadi da ke matsa mata, amma muryarta tana nan yadda kika san ta.

Gwaggo, maganar ɗakin Dada na sama ce. Kin fi ni sanin abin da ke ciki: akwatunan ƙarfe, da gwangwanayen biskit cike da fim, da wasiƙun masu ɗaukar hoto da suka riƙa aiko masa lokacin da yake editan mujallarsa, da shafukan da ya bi da jan fensir kafin a kai ɗab'i. Wata malama daga ɗakin karatu na jami'a, Dokta Kishwar, ta ce suna so su karɓi komai su adana da sunansa. Ta bugo wa mahaifina Abbu waya ta ce za ta zo ta duba, ta kuma roƙa kada a taɓa komai, a bar kowace takarda inda marigayin ya ajiye ta. Ina wurin, da kunnena na ji.

Da Abbu ya isar da saƙon, Dadi ta ce wannan ai kara ce irin ta baƙo, daidai da wanda zai ce kada a dafa masa komai. Wai wane gidan mutunci ne zai bar mace mai digiri ta hau bene ta tarar da yanar gizo-gizo, ta je ta ba da labarin matan gidan? Na tattara ƙarfin halina na ce ina jin da gaske malamar take. Inna Shagufta, matar Baffa Tanvir, ta ce lallai, ga babbar farfesa ta yi magana, a kawo mata kujera. Aka yi dariya, aka miƙo mini tsintsiya.

Wallahi Gwaggo, da sun yi ƙyuya da ya fi. Ban taɓa ganin mutanen gidan nan sun haɗa kai a kan wani aiki irin wannan ba. Ammi ta zare kowane fim daga tsohon ambulan ɗinsa, wai sun yi ja kuma suna warin ɓera, ta jera su cikin sababbin ledoji, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Inna Shagufta ta bi wasiƙun da dutsen guga, ta ɗaure su da zare bisa launin takarda, shuɗi dabam, fari dabam. Hotunan kuma aka kasa su biyu: masu mutane, da waɗanda Dadi ta kira ɓarnar fim, wato na ƙofofi da inuwa da tsofaffin bangaye. Ta ce shekara da shekaru tana faɗa wa mutumin nan bango ba ya biyan mai hoto, bai ji ba.

Ambulan ɗin da babu komai a ciki, da shafukan da aka yi wa jan fensir, Baffa Tanvir ya kira mai sayen tsofaffin takardu ya loda masa a keke. A kan ambulan ɗin nan ne aka rubuta suna da wuri da shekarar kowane fim. Ban gane girman abin ba sai da na sayi gasasshen wake a bakin makaranta, aka naɗe mini a cikin guntun takarda mai ruwan ƙasa, na ga an rubuta sunan wata unguwa da shekara da kyakkyawan rubutu mai kwanciya. Na kawo wa Abbu. Ya daɗe yana kallo, ya ce rubutunki ne, wai ke kike rubuta wa Dada su a ɗakin wankin hoto tun kina yarinya. Na koma wurin mai waken na roƙe shi sauran. Ya ce yarinya, wake kike saya ko jarida? Ya dai ba ni 'yan kaɗan, duk sun sha gishiri da mai.

Ranar da Dokta Kishwar ta zo, sai da aka cika ta da shinkafar biryani da shayi kafin a bar ta ta hau bene. Ammi ta buɗe ƙofa tana murmushi, ɗaki fes, ga turare yana tashi. Malamar ta tsaya a bakin ƙofa tana bin ledojin da kallo. Can ta zauna a ƙasa, ta ɗaga leda ɗaya ta ajiye, ta nemi a ba ta ruwa. Inna Shagufta ta raɗa wa Ammi cewa daɗi ne ya hana ta magana.

Daga baya ta yi mana bayani a hankali. Ta ce jami'a ba za ta iya karɓar dubban fuskokin da ba a san na wa ba ne, ko a ina, ko yaushe. Idan ba a sami wanda zai iya gane su ba kafin kwamitinsu ya zauna a farkon damina, mujallun da aka ɗinke kaɗai za su ɗauka. Sauran kuwa na san inda za su: Baffa Tanvir yana son ɗakin don auren ɗansa Haris, kuma ya riga ya ce za a mai da akwatunan rumfar kan rufi. Gwaggo, rumfar nan ko tattabaru sun guje ta saboda yoyo.

Yanzu kowa ya wanke hannunsa. Dadi ta ce malamar ba ta da godiya, ta ci abincin mutane ta raina aikinsu. Baffa ya ce shi aike kawai aka yi masa. Ammi ta yi kuka, sannan ta ce me ya sa ban faɗa da ƙarfi ba. Abbu ya ce mutum ɗaya ce a duniya za ta iya wannan aiki, wato ke, amma shi ba zai roƙe ta ba, shi ne ƙane amma shi ma yana da zuciya. Ki yi haƙuri, ba tarbiyya ba ce in faɗi haka game da manya, amma na gaji da su duka. Ke ma, in kin yarda in faɗa, fushinki da su yake, ba da Dada ba.

Malamar kimiyyarmu ta koya mini yadda ake kara fim a jikin taga a ɗauke shi da waya a juya launinsa. Na gwada, na wanke guda ɗaya na sako miki a cikin wannan ambulan: wani dattijo ne zaune a kan matakala, yana dariya, da takalmi ɗaya a hannu. Dadi ta ce mai keken doki ne da ke kai Dada shago. Baffa ya rantse minista ne. Abbu ya ce kamar limamin tsohuwar unguwa. Har sun kusa yin faɗa a kansa.

Ki gaishe mini da Kawu Ilyas, da Shayan da Ramin. Ammi da ƙanwata Zoya suna gaisuwa, ko da yake ba su san na rubuta ba. Ba na roƙon ki zo, ko ki yi magana da kowa. Sunan wannan dattijo kawai za ki rubuta a bayan hoton ki dawo mini da shi, in kin san shi. Idan kuma kin ba ni izini, zan so in sake rubuto miki da wasu a ciki, gwargwadon abin da ambulan zai ɗauka, kafin ruwa ya sauko.

Taki 'yar,
Mahrukh Javed