Baba Mai Faci Ya Tafi, Ya Bar wa Masu Wanki Dashensa

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Matasa Masu Gyaran Babur ta Bakin Titi, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugabanta, Maigida Fulogi, tare da dattawan rumfa da duk mai riƙe da sifana babba da ƙarami, tana sanar da jama'a cewa labarin rasuwar Uban Ƙungiyarmu, maƙwabcinmu na katanga ɗaya, Jagoran Dashe, Garkuwar Inuwa, Sarkin Iska da Faci, wato Baba Mai Faci, ya iske mu da hantsi muna tsugune a kan aiki, bayan jinyar ciwon ƙirji da ya sha. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya ƙara mana ciwo a kan ciwo, kuma ba za mu ɓoye shi ba, shi ne labarin bai zo mana kai tsaye daga gidan mamaci ba, sai da ya tsallaka titi ya biya ta rumfar Ƙungiyar Masu Wanki da Guga, su ne suka aiko mana da shi, sai ka ce mu ne baƙi a unguwar.

Duk wanda ya san bakin titin nan kafin zuwan marigayi zai shaida cewa wuri ne da ko akuya ba ta samun inuwar tsayawa, tsofaffin tayoyi ana ƙona su don a cire wayar ciki har hayaƙi ya rufe ido, leda ta toshe kwata, baƙin mai yana malala a kan ruwan da yara ke tsallakewa. A cikin wannan hali ya kafa rumfarsa ta kwano, da bencinsa mai ƙafa ɗaya ta aro, da injin iskarsa mai tari kafin ya tashi, da rabin gangar ruwan da yake tsoma tayar ciki yana neman inda kumfa za ta fito. Bai taɓa ɗaukar lasifika ba, bai taɓa tara jama'a a fili ba, domin Allah Ya ba shi masu sauraro irin waɗanda ba sa guduwa: mutumin da tayarsa ta sace ba shi da inda za shi. Da direba, da ɗan kasuwa, da malamin makaranta, da mai babbar riga mai sauri, duk sai sun zauna a kan bencin nan sun ji karatu a kan hayaƙi da huhun yara, a kan kwata da sauro, a kan bishiya da ruwan sama, kuma facin ba ya kamawa sai karatun ya ƙare. Abin da masu rediyo ke kira ci gaba mai ɗorewa, shi cewa yake yi kada mutum ya cinye rabon jikansa tun jikan bai zo duniya ba.

In an gama faci, sai ya miƙa wa mutum tayarsa da hannun dama, ya miƙa masa ɗan dashe a gwangwani da hannun hagu, na mangwaro ko gwaba ko darbejiya, gwargwadon abin da ya ga fuskar mutumin za ta iya riƙewa. Ranar da ƙusa ta sake dawo da kai, kafin ya tambaye ka iyali sai ya tambaye ka dashen. Idan ka ce yana nan ya yi ganye, nan da nan iska ta shiga tayarka. Idan ka fara kame-kame kana cewa ai akuya ce, to ka gyara zama, ranar nan hujin tayarka ba ya ganuwa da wuri. Da wannan dabara ya cika gidaje da makarantu da bakin masallatai da inuwa, ya hana ƙona taya a duk tsawon titin, ya mayar da tsofaffin tayoyin garkuwar da ake zagaye ƙananan bishiyoyi da ita, ruwan gangarsa kuma bai taɓa zubar da shi a banza ba, kullum kafin ya rufe sai ya raba wa dashen da ya jera a bayan rumfa. Malamanmu na allo sun karantar da mu cewa wanda ya dasa itace yana da lada a kan duk tsuntsun da ya ci daga gare shi, to in haka ne, mu dai ba mu san wanda tsuntsaye za su yi wa shaida kamar Baba ba.

A nan ne ya zama wajibi ƙungiya ta tuna wa jama'a, ba don gori ba sai don kada tarihi ya karkace, cewa mu ne farkon waɗanda suka amsa kiransa. Mu ne muka daina tuttular da baƙin mai a kwata muka koma tara shi a ganga. Mu ne muka haƙa ramukan jerin bishiyoyin da kowa ke fakewa a ƙarƙashinsu yanzu, a ƙasa mai taurin da sai da ta karya mana diga. Mu ne muka riƙa goya jarkokin ruwa a bayan baburan mutane da sunan muna gwada inji. A lokacin, masu wanki suna can tsallake suna shanya zannuwa suna yi mana dariya, shugabansu, Mai Girma Sitaci, wanda wuyansa ba ya lanƙwasuwa kamar kwalar da ya goge, har cewa yake yi makanikai sun koma manoma. Sai da inuwa ta fara isa igiyar shanyarsu sannan suka tsallako da bokitai suna sunkuyar da kai, kuma daga ranar ba mu sake jin kanmu ba. Marigayi, Allah Ya yi masa rahama, ya koya musu ware ruwan ɗauraya na ƙarshe, wanda ba sabulu a cikinsa, su riƙa ba dashe, shi ke nan kuma sai suka zama 'yan lele. Kullum ya leƙo rumfarmu sai ya ce mu je mu ga dashen masu wanki yadda ya yi lub-lub. In sun kawo bokiti ɗaya sai ya sa musu albarka har da ɗaga hannu, mu kuwa in mun kawo jarka sai ya tambaye mu ko mun wanke ta daga warin fetur. Shekara da shekaru muna jira bakin nan nasa ya ce makanikai kun kyauta, har aka rufe shi da ƙasa bai faɗa ba.

Duk wannan da mun haɗiye shi, amma ga inda gizo ke saƙa. A bayan rumfar marigayi akwai gandun dashensa, gwangwanaye jere cikin inuwar tsohon buhu, daga wanda ya fara tsaga ƙasa har wanda ya isa a kai shi rami, kuma daga nan ne duk wata bishiya ta unguwar nan ta fito. Katangarmu ɗaya da wurin, ta tagar rumfarmu muke kallonsa, babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa zai koma hannun wani in ba mu ba. Sai ga shi a zaman makoki, babban ɗan marigayi, Yaya Direba, ya miƙe a gaban jama'a ya bayyana cewa mahaifinsu ya bar wasiyya tun yana da sauran ƙarfi, a gaban shaidu, cewa gandun dashe da rabin ganga da gwangwanin ban ruwa duk a danƙa su ga Ƙungiyar Masu Wanki da Guga. Maigida Fulogi, mutumin da ko salansa ta ƙone shi ba ya cewa wash, sai da ya nemi bango ya jingina.

Ƙungiya ba ta yi gaggawa ba. Ta tashi wakilai masu tsabtar kaya, waɗanda suka kankare farce da kyau, suka je suka durƙusa gaban uwargidan marigayi, Iyarmu, Uwar Marayun Bakin Titi, suka yi mata gaisuwa, sannan cikin ladabi suka tambaya ko dai zafin ciwo ne ya sa Baba ya juya sunayen. Iya ta share hawaye, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta kira su 'ya'yanta, ta ce babu zafin ciwon da ya juya masa harshe, ita da kanta ta yi masa wannan tambayar. Ta ce ya gaya mata makanikai sun fi kowa zuciya da ƙarfi, amma hannunsu hannun ɗaure noti ne, duk abin da suka ga yana motsi sai su ɗauka ya lalace. In suka kafa wa dashe sanda sai su ɗaure shi da waya tamau har ta shiga ɓawo, alhali ƙaramar bishiya sai iska ta kaɗa ta take yin ƙwari, kuma ya gaji da bin bayansu yana sassautawa a ɓoye don kada ya karya musu gwiwa. Masu wanki kuwa, in ji shi, sun san yadda ake matse riga ba a yaga ta ba. Wakilanmu suka dawo da wannan amsa, ranar ko gardamar ƙwallo ba a yi a rumfa ba.

Ƙungiya tana so ta bayyana matsayinta a fili. Ba mu ƙaryata mamaci ba, ba mu kuma ƙaryata Iya ba, mun je mun duba bishiyoyin ɓangarenmu mun ga zoben waya a jikin wasu, mun sa filaya mun cire. Amma muna tambayar duniya, shin wanda ya ɗaure abu da ƙarfi ba don yana tsoron rasa shi ba ne? Kuma masu wankin nan da ake yabon taushin hannunsu, wane ne a unguwar nan ba su taɓa ƙona masa aljihu da dutsen guga ba, ko su mayar masa da farar riga ta koma ruwan toka su ce haka yadin yake? Mun kai maganar gaban malaminmu, ya ce mu yi hattara, hassada tana cin lada kamar yadda wuta ke cin kara. Muka ce Allah gafarta Malam, ba mu fatan dashen ya mutu a hannunsu, mu dai ƙirjinmu ne ke zafi in mun tuna a hannunsu zai rayu. Malam ya ce wannan kam sai dai mu yawaita istigfari.

Saboda haka, bayan zama mai tsawo wanda aka tashi ba a ga maciji tsakanin masu cewa a riƙe gandun da masu cewa a sake shi, ƙungiya ta yanke cewa wasiyya wasiyya ce. Jiya da safe muka rufe rumfa, muka kwashe gandun da hannunmu, gwangwani bayan gwangwani, muka tsayar da motoci muka tsallaka titi da su a rungume, domin ko ba a ba mu riƙo ba, ba za mu bari a jijjiga musu saiwa a baro ba. Mai Girma Sitaci ya fito ya tarye mu, mun shirya masa baƙaƙen maganganu tun daga gida, amma da ya karɓi gwangwanin farko sai wuyan nan da ba ya lanƙwasuwa ya lanƙwashe, ya fashe da kuka kamar yaro, har muka rasa ta inda za mu fara. Jama'a su shaida, ko a kukan ma sai da suka fi mu.

Muna kira ga duk wanda Baba ya taɓa miƙa wa gwangwani da ya je ya duba abin da aka ba shi, ya ba shi ruwa, ya sassauta masa ɗauri in ya ɗaure. Wanda kuma ke son sabon dashe, daga yau tsallaken titi zai nufa, ba wurinmu ba, kuma muna roƙon kada a biyo ta gaban rumfarmu ana ɗaga shi sama. Haka nan muna sanar da maƙwabtanmu masu wanki, cikin girmamawa da zumunci, cewa mun juya bencinmu yana fuskantar rumfarsu, kuma duk ganyen da ya yi yaushi za mu gan shi kafin su gan shi.

A ƙarshe, a madadin Mai Girma Shugaba da dukkan 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Iyarmu, da Yaya Direba, da ƙannensa maza da mata, da jikoki, da 'yan'uwa na kusa da na nesa, da duk mai tayar da za ta sace nan gaba ya waiga bai ga Baba ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sanya shi a inuwar da ta fi duk wadda ya dasa. Allah Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, Ya ba masu wanki ikon riƙe amanar da aka ɗora musu, mu kuma Ya ba mu haƙurin zama a wannan tsallaken muna kallon dashen Baba yana yin kyau a hannunsu.

Sa hannu:
Salansa
Kakakin Ƙungiyar Matasa Masu Gyaran Babur ta Bakin Titi