Ƙwayoyin da Ghali Ya Aiko

Ghali,

Sallama kawai zan yi maka, ba don ka cancanta ba. Ka toshe lambata, shi ya sa na ba abokinmu Tankari takardar nan ya miƙo maka.

Na fito daga gidan jinya, na bar ƙwaya. Yanzu ɗaurin kaya nake yi a kasuwar Canaan, ina nan ƙasar Sin ban tafi ko'ina ba. A can na ga hotonka a bango, riƙe da jitata, wai Asabar za ka yi wasan kiɗan Turawa na rok a unguwar Panyu da waƙoƙinka. Waƙoƙinka? Ni na rera su, kai kana bayana kana amshi. Kai ka fara sa mini ƙwaya a tafin hannu, ka ce tana buɗe murya. Da na faɗi a dandamali, ka ce wa makaɗanmu na haukace, wai har an mayar da ni gida Maraɗi.

Asabar ina nan zuwa.

Isufu

Ɗan'uwana Isufu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Wallahi na yi murna ƙwarai. Haba mutumina, wane irin zance ne wannan? Ban ɗura maka komai ba, da hannunka ka karɓa. Ƙungiya kuma ba za ta mutu don mutum ɗaya ya kwanta ba.

Kada ka zo. Lawban, mai gidan wasan, ba ya son hayaniya, kuma muryar da ta daɗe a ajiye kunya za ta ba ka. Ga 'yar tsaraba a ambulan, ko da za ka kasa barci.

Naka har kullum,
Ghali

Yaya Fasuma,

Ina gaishe ki, a gaida Inna da yara. Ki zauna kafin ki karanta.

Tsarabar da Ghali ya aiko mini ƙwaya ce, irin wadda ta kusa kashe ni. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina kallon ta. Ban sha ba. Na zuba ta a aljihu na hau jirgin ƙasa zuwa Panyu.

Ghali yana tsakiyar waƙar da na yi wa Inna na hau dandamali. Na watsa ƙwayoyin a gabansa, na karɓe makirufo na ce, "Jama'a, ga abin da ya aiko wa mai waƙar nan!" Chen, Basinen da ke buga mana ganguna, ya miƙe yana kallona kamar ya ga fatalwa, sannan ya zauna ya ɗauki kiɗan daga farko.

Muryata ta dushe, amma ta fita. 'Yan kasuwar Kano da na Yamai suka dinga amsa mini. Ghali ya ajiye jita ya sulale. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ƙaninki,
Isufu

Isufu,

Salam. Lawban ya kore ni, makaɗan ba sa ɗaga wayata. Ka rama. Ni ma ina sha, tun kafin kai. Yanzu ko cokali ba na iya riƙewa. Don Allah ka zo ka raka ni wurin da suka yi maka magani.

Ghali

Ghali,

Wa alaikas salam. Tankari ya san wurin, zai kai ka. Ni ina da wasa, ba zan zo ba.

Isufu