Tagullar da Ke Wuyana

Charleston, Disamba 1860

Yaya Phillis,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara? Ni lafiya lau, aikin kafinta yana tafiya, kada ki damu.

Kin ji jiharmu ta ɓalle daga tarayyar Amurka. Fararen fata sai kaɗa ƙararrawa suke kamar ana biki. 'Yan sanda kuwa suna tare baƙar fata a titi, wanda ba shi da shaidar 'yanci sai kasuwar bayi. Tamu shaidar kin san gobara ta cinye ta.

Mista Pruitt, mai shagonmu, ya ce, "Lemuel, bari in karɓo maka tagullar shaida da bayin haya ke ratayawa a wuya, da sunana, kamar kai bawana ne. Don su ƙyale ka ne kawai." Na rataya. Yanzu ba mai tare ni.

Sai dai Mista Pruitt ya tsufa, yana fama da tari. Jiya ɗansa ya ɗaga tagullar da yatsa, ya ce, "Baba, wannan ma yana cikin gado?" Tsohon ya ci gaba da tarinsa.

Ki aiko min da safa, ana sanyi. Kada Mama ta ji. Kuma kada ki bar ɗanki Silas ya zo nan neman aiki.

Ƙaninki da aka haifa da 'yanci,
Lemuel