Jerin da ke Jikin Bango

Asabar, 7 ga Satumba

Sabbin katunan wasa sun iso shagon da muke bugawa yau, amma jerina ya riga su hawa bango. Kwana uku na yi ina tantance su ta hotunansu a waya, kati ɗari da tamanin, na jera su daga na ƙwarai har zuwa shara, na buga a maɗaba'armu a kan ragowar takarda lokacin da inji ya huta. Shekara shida ke nan ni nake rubuta jerin nan. Ƙa'idar Mai Shago ce: wanda ya fi kowa cin wasa a Asabar huɗu na wata, shi zai rubuta jerin wata mai zuwa. Na daɗe ban faɗi ba, har na manta cewa ƙa'ida ce ba gādo ba.

Mun zo zama muka ga mu bakwai ne, zaɓe kuwa sai da mutum takwas. Auta, ƙanwata, ta biyo ni shagon don karɓar mukullin gidan Mama, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Mai Shago ya roƙe ta ta cike kujera. Na zaunar da ita a haguna, na yi mata bayani a gurguje. Kowa ya buɗe fakiti, ya ɗauki kati ɗaya, ya miƙa sauran ga na hagunsa, haka har fakiti uku su ƙare. Abin da ka tara shi ne daminka, da shi za ka buga wasa uku. Lambar da ke kusurwar kati nauyinsa ce, wato zagaye nawa za ka jira kafin ka iya sauke shi a tebur. Kowa yana da makin rai, wanda nasa ya fara ƙarewa ya sha kashi.

Na ce mata, "In kin rasa abin ɗauka, ki dubi bango."

Ni na ci uku, ita ta ci biyu. Sa'ar sabon shiga ce. Na saya mata lemo.

Talata, 10 ga Satumba

Auta ta kira tana tambaya ko zan ara mata tsofaffin katunana ta duba. Na ji daɗi, har na haɗa mata da robar ɗaure su.

Asabar, 14 ga Satumba

Ta cinye ni.

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zuciyata ta yi sanyi. Fakitina na farko na buɗe na ga Dodon Tsauni, na ɗaya a jerina, nauyi bakwai. Daga nan manya suka yi ta zuwa mini, na haɗa damin da ban taɓa haɗa irinsa ba a shekarar nan. Na lallasa Direba, na lallasa Ticha, tsofaffin abokan wasana. Wasan ƙarshe sai ga ni ga Auta.

Zagaye na farko ta sauke Ɓeran Rumbu. Ɓeran Rumbu, wanda na sa na ɗari da saba'in da ɗaya. Na biyu ta sauke Mai Fitila da wani ɓeran. Tarkace dai, irin waɗanda ake tokare ƙafar tebur da su. Suna ta yagar makin raina kaɗan-kaɗan, ni kuma ina zaune da Dodo a hannu ina ƙirga zagaye kamar mai jiran mota. A zagaye na shida wasa ya ƙare. Ban sauke shi ba.

Ta leƙo ta ga abin da ke hannuna, ta ce, "Yaya, dodon nan naka yana da kyau, amma kafin ya gama sa takalmi an tashi."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, ta fatar baki. Direba ya yi ta buga tebur har katunansa suka zube, mutumin da ni na koya masa riƙe kati.

Allon Mai Shago: ni biyar, ita biyar.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na shimfiɗa katuna a tabarmar falo tun safe ina neman inda na yi kuskure. Ban ga kuskure ba. Kati da kati, nawa sun fi nata sau goma.

Matata tana guga, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kishi kake da ƙanwarka?" Na ce wane irin kishi, yarinyar da na goya a bayana na kai makaranta. Ta ce to ai shi ke nan, in ɗauke katunana daga hanya, tana son wucewa.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na biya shago bayan aiki sayen rigunan kati, 'yan ledojin da ake saka su a ciki. Na tarar da Ticha a tsaye gaban jerina da waya a hannu, na ɗauka hotonsa yake ɗauka. Ashe saƙo yake aika wa Auta, wai tsakanin Mai Fitila da Kunkurun Kogi wanne ya fi. Ina nan tsaye, ni da na rubuta takardar da ke gaban hancinsa. Shekara shida duk wanda ya shigo shagon nan da tambaya ni ake nuna masa.

Na fita na manta rigunan a kan kantar Mai Shago.

Asabar, 21 ga Satumba

Abin da na yi yau ba zan faɗa wa kowa ba, sai takardar nan.

Tunda a haguna take, duk abin da ya iso hannunta ta hannuna ya bi. Sai na yanke shawarar ba za ta ga ƙaramin kati ko ɗaya ba. Ɓera ya zo, na ɗauka. Mai Fitila ya zo, na ɗauka. Wani ƙaton kati na gidan Wuta ya zo, irin wanda nake mafarkinsa, na bar shi ya wuce don in ɗauke wani tsuntsu mai nauyi ɗaya da na san tana so. Ban ko duba ko katunan gida ɗaya ne ba, alhali 'yan gida ɗaya ne ke aiki tare. Da aka gama na baje abin da na tara, sai na ga kasuwar gwanjo: ɗan Wuta, ɗan Ruwa, ɗan Iska, babu biyun da ke gaisawa.

Wasa uku, na sha kashi uku. Har sabon mutumin nan mai gyaran firji, wanda yake riƙe kati a juye, ya cinye ni, kuma ya ba ni haƙuri.

Ita kuwa ko a jikinta. Da ta ga ƙanana ba sa zuwa sai ta koma kwasar matsakaita, ta ci biyu.

Muna fitowa ta ce, "Yaya, yau ɓeraye sun yi tsada." Ta sani, kuma wannan ya fi kashin da na sha ciwo.

Ni biyar, ita bakwai.

Litinin, 23 ga Satumba

Na ɓata katin gayyata ɗari biyu, na buga su a karkace. Oga ya tambaye ni ko lafiya. Na ce ciwon kai.

Laraba, 25 ga Satumba

Mun haɗu a gidan Mama, ni na je gyara mata famfo, Auta ta zo auna mata jini. Ina ƙarƙashin wurin wanke-wanke da sifana a hannu, inda ba ta ganin fuskata, na daure na tambaye ta yadda take zaɓar kati. Na yi kamar hira ce.

Ta ce ba wani sirri. Wai ranar farko ta dubi bango kamar yadda na ce, sai ta lura kowa ma bangon yake duba. "Ku bakwai kuna kokawa a kan kati ashirin na sama, kowa ya samu uku-uku. Na ƙasa kuwa babu mai taɓa su, sai su zagayo mini. Ni daga ƙasa nake karanta jerinka, Yaya."

Daga ƙasa. Wato da jerina take cin mu, ni nake share mata hanya da hannuna. Na matse famfon har sai da Mama ta ce in bar shi haka kada in karya.

Abin da ya tsaya mini a rai ba cin da take yi ba ne. Sati uku kacal. Ni na haddace kati dubu, ina da littafi cike da lissafin nauyi da ƙarfi, amma ban taɓa ɗaga kai na dubi mutanen da ke teburin ba. Ita ta shigo karɓar mukulli ta gani. Hassada ce nake yi, na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Asabar, 28 ga Satumba

Na yi zaɓe na tsakani da Allah yau, ban tare mata komai ba. Na ɗauki manyana. Na kuma ɗauki ƙanana guda shida, don dai babu wani abin kirki a fakitin ne. Su suka riƙe mini ƙofa har manyan suka sauka.

Na ci uku. Wasan ƙarshe da ita ne, kuma na cinye ta tas, Dodo ya sauka ya yi aikinsa. Na ɗaga kai ina jiran in ji daɗi, sai na ga Mai Shago da alli a gaban allo.

Ni takwas, ita tara.

Wasa ɗaya. Da na ci ko ɗaya a makon jiya da mun yi kunnen doki, da na ci biyu da bango yana hannuna. Ba ita ta karɓe shi ba, ni na zubar da shi ina farautar ɓeraye. Mai Shago ya cire jerina a hankali, ya naɗe ya miƙo mini kamar takardar sallama. Inda ya zauna fentin ya fi sauran bangon haske.

Na yi mata murna. Ina jin muryata ta fito daidai.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ban fita ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ta zo maɗaba'a da rana da jerinta, rubutun hannu a bayan takardun asibiti guda huɗu. Wai in buga mata, kuma in duba in akwai gyara. Na ce ta bari zan gani in na samu sarari.

Tana fita na karanta shi a tsaye. Yana da kyau, abin haushi. Ƙanana masu sauri a sama, Dodona ya koma na goma sha huɗu, kuma ba zan iya cewa ƙarya ta yi ba.

Amma akwai rami. Ta sa Guguwa a na casa'in. Kati ne mai nauyi huɗu da ke share duk wani ƙaramin kati daga tebur, naka da na abokin wasa. A watan jiya ba shi da amfani, tunda ita kaɗai ke wasa da ƙanana, ban ma sa shi a hamsin na farko ba. To amma ranar Asabar mutum bakwai za su bi sabon bango su cika hannu da ɓeraye. Ranar babu katin da ya kai Guguwa. Ta ga abin da jerina ya yi wa tebur, ba ta yi tunanin abin da nata zai yi ba.

In na yi shiru na buga shi yadda yake, babu mai taɓa Guguwa. Zai zagayo mini sau biyu, sau uku, a kowace Asabar. In share su duka har da ita, wata ɗaya bango ya dawo. Kuma ba zamba ba ce, abin da ta yi mini ke nan daidai.

Na sa takardun a aljihun tebur.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na jera shi a kwamfuta yadda ta rubuta, Guguwa na casa'in. Ban buga ba, tawada ta yi ƙasa.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Tawada ba ta yi ƙasa ba.

Na kira ta lokacin hutunta. Na ce, "Auta, in kowa ya bi jerinki, me zai cika tebur?" Ina jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta. Can ta ce, "Guguwa." Ko sunan ban kai ga faɗa ba. Sai ta ce, "Yaya, ai da ka yi shiru da ka kwashe mu." Na ce na sani, ta kashe waya ina da aiki.

Na faɗa mata ne kawai don kada takarda mai kuskure ta fita daga injina.

Asabar, 5 ga Oktoba

Jerin ya hau bango, Guguwa na biyu. A kan takarda mai kauri na buga shi, ba ragowa ba, saboda ita ce a kusa da hannuna.

Kamar yadda na faɗa, tebur ya cika da ɓeraye, Direba kaɗai yana da tara. Ni ma na tara nawa, ban ga Guguwa ko ɗaya ba, na damana sun riga ni. Ita ta buɗe ɗaya a fakitinta. Muka haɗu a wasa na biyu, na jera ƙanana biyar ina ganin na gama da ita, sai ta dube ni ta ce, "Ka yi haƙuri, Yaya," ta sauke shi. Tebur ya koma fayau. Da katin da ni na nuna mata.

Na ci biyu, ta ci uku. Har yanzu yana ci mini rai, ba zan ce ba ya ci ba.

Muna tattara kaya wani baƙo ya shigo, ya daɗe a gaban bango yana karantawa. Ya juyo ya tambayi Mai Shago wane gwani ne ya rubuta wannan. Mai Shago bai kai ga buɗe baki ba na ji wani ya amsa daga can ƙarshen tebur, da ƙarfi har Ticha ya waiwayo.

"Ƙanwata ce."

Ban san me ya kai bakina ba. Ba ni aka tambaya ba.