Na Sa Yayana Kallon Bidiyon Rage Damuwa, Ya Fasa Wa Ƙanwarmu Goshi

Anti Umma, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. Ina zaune a Majidaɗi, nan Jalingo. Wata huɗu ke nan da na gama digiri a fannin lafiyar al'umma, ina jiran bautar ƙasa.

Yayana Muntasir mai walda ne. Tun da ruwa ya ci shagonsa na Nukkai da damina ya daina fita, ya rage cin abinci, magana sai an matsa masa. A makaranta an koya mana wata takarda mai tambayoyi tara da ake auna damuwa da ita. Na kuma karanta cewa gajerun bidiyo a waya, masu koyar da jan numfashi da tsara ayyukan yini, kan taimaka wa mai ƙaramar damuwa. Na yi masa tambayoyin a zaure, Babanmu yana zaune. Ya samu maki shida cikin ashirin da bakwai, wato ƙarama ce. Sai na sauke masa bidiyo goma sha huɗu, kowanne minti takwas, ina sa alama a kalanda kullum bayan la'asar.

A rana ta goma sha ɗaya na tarar bai kalla ba. Na miƙa masa wayar har sau uku. Ya fizge ta ya maka ta da bango, ya shaƙe ni har na ga duhu. Ƙanwarmu Najiba ta shigo raba mu, ya wurga mata guduma, goshinta ya fashe, ɗinki biyar. Kawunnanmu biyu suka zo suka zane shi da wayar lantarki har bayansa ya farfashe. Bai yi kuka ba, bai kare kansa ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Yanzu yana kulle a ɗaki. Baba ya ce aljanu ne suka shige shi ta wayar, ranar Asabar za a kai shi wani gida a bayan gari inda ake sa wa mutane mari. Sai jiya na tuna cewa ranar tambayoyin, kafin kowace amsa sai Muntasir ya kalli Baba tukuna, yawanci ya ce babu komai, har a tambaya ta tara, wadda take kan tunanin mutuwa. Ban gaya wa kowa ba. Ni na jawo?

Ƙanin mai walda, Jalingo.

Ɗana, sannu da wannan tashin hankali. Bidiyo bai sa yayanka ɗaukar guduma ba, amma ka yi kuskure, kuma ka riga ka gano shi. Babu ɗan da zai ce yana tunanin mutuwa mahaifinsa na zaune. Maki shidan nan na kunya ne. Irin waɗannan bidiyo na mai ƙaramar damuwa ne da ya nema da kansa. Ciwon Muntasir ya wuce nan, kai kuma ka tsaya a kansa da kalanda kamar mai duba jarrabawa.

Kada ka raina tsoron Babanku, jinin 'yarsa ya gani. Rashin lafiya bai wanke abin da aka yi wa Najiba ba, ta koma gidan 'yan'uwa na ɗan lokaci. Amma mari da bulala ƙara masa ciwo za su yi.

Yau ka kwashe guduma, igiya da maganin ƙwari daga kusa da shi. Ka sami Baba tare da dattijon da yake jin maganarsa, ka faɗi yadda ka yi tambayoyin, kada ka rage komai. Ku roƙi a fara kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti kafin Asabar, a wanke masa baya, likita ya gana da shi su biyu kawai. Addu'a a ci gaba da ita a gida. Kai ma a duba maka wuya, shaƙa ba abin wasa ba ce.

Allah ya ba Muntasir da Najiba lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar tunkarar Baba.