Albasar da na rufe da leda

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hajara,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, 'yata takwararki da ke karatu a Akra ta shiga shekara ta biyu a jami'a. Jiya ta kira ni, ta ce yanzu sunansu sofomo. Wai kalmomi biyu ne na Girkanci aka haɗa, mai hikima da wawa, don ɗan shekara ta biyu ya san abin da zai ɗaga murya a kai, bai san abin da zai yi shiru a kai ba. Tana dariya, ni kuwa na nemi kujera na zauna.

Kin tuna daminar da nake shekara ta biyu a karatun noma? Mota ta sauke miki albasar Galmi a kasuwar Guro, hadari ya haɗo. Na zo da littafi a hammata, na ce barin buhu a sarari aikin jahilci ne. A gaban matan layinku na faɗa. Na sa aka naɗe buhunan da leda, aka ɗaure tam.

Kin ce albasa numfashi take yi. Sau ɗaya kika faɗa. Da kika ga idon mutane a kaina, sai kika kama bakin ledar kika taya ni ja.

Ranar da aka kwance, wari ya kai bakin titi. Alhajin da ke aiko miki kaya bai sake aikowa ba. Kika koma kasa albasa a faranti a ƙofar gidanmu na unguwar Bromakote, har ƙarfinki ya ƙare.

Duk wanda ya tambaya, cewa kike ke kika rufe. Ni kuma na ce damina ce, na yi ta faɗa har na kusa yarda. Kina yawan cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba ki taɓa faɗa kina kallona ba.

Yau ina zaune a unguwar Arras, furfura ta fito, kunyar ba ta tsufa ba. Na bari har aka binne ki ban buɗe baki ba. Inna, ba damina ba ce. Ni ne. Ki yafe mini.

Allah Ya yalwata kabarinki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini a tsakiyar kasuwa.

Ɗanki,
Sani